Sulhu, inshora ko kotu: wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa bayan haɗarin mota?

Kwana biyu ko uku bayan haɗari, akwai wani zama da kusan kowane gida ya sani. Mai rauni yana kwance a gadon asibiti, sai ga tawaga ta yi sallama: mai motar, wani dattijo daga unguwarsu, wani lokaci har da wakilin ƙungiyar direbobi. An zo da ledar lemo da ayaba, an yi jaje, an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Can sai dattijon ya gyara murya. "To Alhaji, mu dai alfarma muka zo nema. Yaron nan yana caji ofis, motar ma tana can. A taimaka a kashe maganar." Mahaifin mai raunin, wanda kunya ta riga ta ɗaure, sai ya ce, "Haba, ai ƙaddara ce. Mun yafe."

Na zauna a irin wannan zama, ni ma na gyaɗa kai. Ɗan ƙanwata ne, tela, motar wani kamfanin rarraba kaya ta buge shi yana kan babur. Aka biya kuɗin asibiti na makon farko, aka sa hannu a takarda a wajen 'yan sanda, aka saki direba da mota. Sai a mako na uku likita ya ce cinyar ba za ta haɗu ba sai an sa ƙarfe. Aka yi aiki, daga baya aka sake wani. Wata takwas bai taka keken ɗinki ba, sallah biyu suka wuce shi. Lambar wayar da aka bar mana kuwa, tun a wata na biyu ta daina shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, motar nan tana da inshora mai kyau, kuma duk taronmu babu wanda ya tambaya.

Ba ina cewa yafiya laifi ba ce. Abin da na koya shi ne, hanyoyin neman haƙƙi bayan haɗari ba su yi daidai da juna ba, kuma abu biyu ne ke nuna wadda ta dace da kai: girman raunin, da kuma aljihun da zai biya. Wanda ya zaɓi hanya kafin ya san waɗannan biyun, a duhu ya yi ciniki.

Sulhu shi ne hanyar da aka fi bi, kuma yana da hujjarsa. Yana da sauri. Kuɗin da za a ba ka yau ka sayi magani ya fi maka amfani a kan hukuncin da zai fito bayan shekara uku. Ba ka biyan lauya, ba ka zaryar kotu, kuma idan wanda ya buge ka ɗan unguwa ne, gobe za ku haɗu a sahu ɗaya a masallaci ba tare da kowa ya kau da kai ba. Idan ɓarnar ta tsaya ga ƙarfe, wato bamba ta lotsa, fitila ta fashe, lagireto ya huje, to ban ga dalilin wuce sulhu ba. A tafi wajen bakanike da mai gyaran jiki waɗanda ɓangarorin biyu suka yarda da su, a yi kima, mai laifi ya biya, kowa ya kama gabansa.

Inda sulhu yake cutarwa shi ne a jikin mutum, domin jiki ba ya faɗin kuɗinsa a ranar farko. Bugun kai kan yi shiru kwanaki kafin ya bayyana. Karayar da aka kai wa mai ɗori tana iya komawa Asibitin Ƙashi na Dala bayan wata biyu, da kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa. Ciwon baya kan zama abin da zai hana mutum ɗaukar kaya har abada, alhali da ɗaukar kayan yake ci. Masu neman sulhu kuma suna gaggawa ne saboda motarsu tana tsare, kowace rana asara ce a gare su. Wannan tsarewar ita ce kaɗai ƙarfin da kake da shi a zaman. Ranar da motar ta fita daga harabar 'yan sanda, ƙarfin ya bi ta.

Mutane suna ɗauka cewa yarjejeniyar da aka rubuta a caji ofis tana da haƙora. Ba ta da su kamar yadda ake zato. Shaida ce mai amfani, amma ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan abin da bai wuce saɓa yarjejeniya ba. Idan aka ce za a biya ka kashi-kashi, aka biya na farko aka tsaya, komawa wajen jami'in da ya rubuta takardar ba zai fitar maka da sisi ba, in ma ba a canza masa wurin aiki ba. Sulhun da yake da haƙora shi ne wanda aka kai gaban alƙali ya mayar da shi hukuncin kotu bisa yardar ɓangarori. A Kano akwai cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jiha tun 2009, kuma Abuja da wasu jihohi suna da irinta. Ana zama ne kamar na dattawa, sai dai abin da aka cimma, da zarar alƙali ya sa hannu, ana iya kama dukiya a kansa. Kotunan shari'ar Musulunci ma suna rubuta sulhu su tabbatar da shi. Ɗan wahalar da ke cikin wannan bai kai na bin mutum a waya ba.

Idan za a rubuta sulhu a kan rauni, kada a rubuta dunƙulen kuɗi kawai a ce an gama. A rubuta cewa mai motar ya ɗauki jinya har likita ya sallama, a faɗi asibitin, a faɗi abin da za a riƙa ba iyalin mai raunin duk wata muddin bai koma sana'a ba, a sa mai tsaya wa wanda aka san gidansa da shagonsa. Mai motar ne zai sa hannu, ba direba kaɗai ba. Direban haya da ke kai balas kullum ba shi da abin da za a kama.

Sai inshora, ƙofar da aka fi mantawa da ita, alhali dominta aka yi dokar. Tun dokar 1945 wajibi ne duk motar da za ta hau titi a Najeriya ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Mu dai mun ɗauke ta takardar nuna wa 'yan sanda a shingen bincike, shi ya sa ko mai motar ba ya tuna cewa kuɗin da yake biya duk shekara yana da aiki. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya suna biyan naira 100,000, iyakarsu miliyan 5. A-daidaita-sahu 5,000 ne da iyakar miliyan 2, babur kuma 3,000 da iyakar miliyan 1. Waɗannan iyakokin na dukiya ne. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne, ana duba abin da aka kashe da abin da aka rasa. Daga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara matsa wa masu motoci a kan wannan takarda, kuma a shekarar ce aka sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

Amfanin wannan hanya a fili yake: aljihun kamfani ya fi na direba zurfi, kuma ba ka tauye wani talaka ɗan'uwanka ba. Shi kansa mai motar sauƙi ne a gare shi. Amma tana da ramuka. Na farko, takardun bogi sun yi yawa. Mutum ya ba ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, a haɗo masa takardu har da ta inshora, alhali babu kamfanin da ya san da zamansa. Ana iya tantancewa cikin minti ɗaya: a shiga shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a waya, a sa lambar motar. Ka yi wannan tun kafin tawagar jaje ta iso, domin amsar da ka samu ita za ta gaya maka da wa kake magana. Rami na biyu, kamfani ba ya jin "wallahi". Takarda yake ji: rahoton 'yan sanda, rahoton likita, rasit na kowane magani, hoton motocin a inda suka tsaya, kimar bakanike, takardar shaidar mutuwa idan an rasa rai. Na uku, mai motar ne ya kamata ya sanar da kamfaninsa da wuri, kuma yawancin yarjejeniyoyin inshora sun hana shi amsa laifi ko yin sulhu da kansa ba da saninsu ba. Wanda ya biya daga aljihunsa sannan ya je neman a mayar masa, sau da yawa hannu rabbana yake dawowa.

Su ma kamfanonin suna da tasu gaggawar irin ta masu jaje. Za su yi maka tayin kuɗi tare da takardar da ke cewa ka karɓa a matsayin biya na ƙarshe. Idan ka sa hannu, ka rufe ƙofar da kanka. Tayin farko ba wahayi ba ne, ana ciniki a kansa. Idan kuma aka yi ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma kamfani ba ya son sunansa ya isa can. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a titi. Wannan dai shawara ce ga mai mota. Wanda aka buge ba shi ya zaɓi kamfanin ba, haƙƙinsa kawai yake karɓa.

A lura da abu ɗaya: irin wannan inshora ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma yi wa direban da ya jawo haɗarin magani. Ta waɗanda aka yi wa ɓarna ce. Fasinjan motar haya yana cikinsu, shi ya sa takardar sunaye da ake cikewa a tasha, wadda muke rubuta sunan ƙarya a cikinta don gaggawa, take da rana. Ita ce shaidar kana cikin motar. Ma'aikacin da haɗari ya same shi a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, yana da wata ƙofar kuma: Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, ke gudanarwa, idan wurin aikinsa ya yi masa rajista.

Kotu kuwa, mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba a gaban majistare saboda tuƙin ganganci, wannan shari'ar hukuma ce da shi. Kai shaida ne kawai. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda gangancinsa ya kashe rai, amma ɗaurin direba ba ya biyan kuɗin makarantar marayu. Gaskiya ne dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da takwarorinta na jihohi, sun ba alƙali ikon umartar mai laifi ya biya wanda aka cuta, kuma ya kamata ka roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi hakan. Sai dai umarnin a kan direba yake faɗawa, mun kuwa san abin da ke aljihunsa. Ƙarar neman diyya daban ce, kai ne mai ita, kai za ka shigar, kuma ba ta jiran waccan ta ƙare.

A nan ne Musulmi a jihohin da ke aiki da shari'a, tun daga Zamfara da ta fara a shekarar 2000, yake da zaɓi biyu, kotun shari'a ko Babbar Kotun jiha, kuma a nan na fi son mu daɗe.

Fiƙihun Malikiyya bai bar wannan babi a buɗe ba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce mai kora dabba, da mai janta, da mahayinta, duk suna lamunin abin da ta taka. Malamai a kan wannan suka yi ƙiyasin direba. Kisan kuskure yana da diyya, nassin aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Adadinta a fiƙihu kuwa: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari 1,000 kuwa kilo 4 da kwata ne na zinariya, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Gaɓoɓi ma kowace da kimarta. Hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi, kowane yatsa kashi ɗaya cikin goma, haƙori raƙuma 5. Raunin da ya huda zuwa cikin ciki sulusi ne, haka wanda ya isa ga ƙwaƙwalwa. Kyawun wannan tsari shi ne ba ya tambayar arzikinka ko sana'arka. Yatsan ɗan dako da na babban ɗan kasuwa kuɗinsu ɗaya. Ga shi kuma da Hausa ake zaman, kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne, kana iya tsayawa da bakinka ba lauya, kuma ba a cika shekara ana abu ɗaya ba.

Matsalar tana wajen karɓa. A asalin hukuncin, diyyar kuskure da ta kai sulusi ba a kan mai laifin kaɗai take ba, a kan danginsa maza na wajen uba take, waɗanda ake kira aƙila, kuma cikakkiyarta a shekara uku ake biya. Yau wane dangin direba ne za su haɗa kilo huɗu na zinariya? Shi ya sa a aikace mafi yawan irin waɗannan shari'u da sulhu suke ƙarewa, a kan abin da za a iya biya. Duk da haka sanin adadin yana da amfani, domin wanda ya san abin da Allah ya ba shi, in ya sassauta ya san abin da ya bari. Sannan ikon kotun shari'a a kan Musulmi yake, ko wanda ya yarda da kansa a yi masa hukunci a can. Idan abokin shari'arka kamfanin siminti ne, ko na dakon mai, ko na inshora, lauyoyinsu za su fara da ƙalubalantar hurumin kotun, ka ɓata watanni a kan inda za a zauna kafin a taɓa maganar ƙafarka.

Akwai kuma abin da ake take wa a zaman makoki, wanda ya kamata a faɗa da ƙarfi. Diyya gado ce. Ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa tana da rabonta, 'ya'yansa suna da nasu, iyayensa haka. Baligi yana iya yafe rabonsa shi kaɗai. Amma baffa ko yayan mamaci da zai miƙe a gaban jama'a ya ce "mun yafe duniya da lahira", alhali matar tana cikin ɗaki tana takaba ba a tambaye ta ba, ga yara ƙanana huɗu, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Waliyyi ba shi da ikon zubar da haƙƙin maraya don a yabe shi. Kuma sau da yawa mai yafewar ba shi ne zai riƙe marayun ba. Shi ma direba ya sani, yafe diyya ba ya ɗauke masa kaffarar azumin wata biyu a jere.

Babbar Kotun jiha lissafinta wani iri ne. Ba ta da jadawalin gaɓoɓi. Tana tambaya ne: me ka kashe, me ka rasa, me za ka ci gaba da rasawa? Kashi na farko shi ne asarar da ake iya ƙirgawa, kuɗin asibiti, na magani, na gyaran abin hawa, ribar sana'ar da ta tsaya. Wannan sai ka jero shi dalla-dalla a takardar ƙara, ka kuma tabbatar da kowane layi. A nan ne mutanenmu suke faɗuwa, domin wa yake karɓar rasit a kemis da tsakar dare, kuma wane tela ne yake rubuta cinikinsa? Kashi na biyu shi ne wanda alƙali yake kimantawa da kansa: raɗaɗi, naƙasa, rasa jin daɗin rayuwa. Idan rai aka rasa, ana duba waɗanda mamacin yake ciyarwa da abin da suka rasa da tafiyarsa. Saboda haka a wannan kotu mai babban albashi yana samun fiye da ɗan dako a kan rauni iri ɗaya. Kuma idan aka nuna kai ma da naka sakacin, ka yi lodin mutum uku a babur, ko ka bi hannun da ba naka ba, za a rage maka gwargwadon laifinka.

Babban ƙarfin wannan kotu shi ne tana kamo mai gida. Idan direba yana bakin aikin ubangidansa ya yi ɓarna, doka tana ɗora wa ubangidan, ko mutum ne ko kamfani. Tirela ko tanka ko motar ma'aikata ta buge ka, ba da direba kake ba, da masu motar kake, da kamfanin inshorarsu a bayansu. Rauninta kuwa kowa ya san shi: ɗage zama, canjin alƙali, hutun kotu, ɗaukaka ƙara. Shekaru ne, ba watanni ba. Hausawa suka ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ko ka yi nasara, takardar hukunci ba kuɗi ba ce, sai an sake bin hanyar kama asusu ko kadara. Amma ga abin da na lura: kamfanin da ya yi wata shida yana raina dattawan unguwa, wasiƙar lauya ɗaya da sammaci kan sa ya nemi a zauna. Sau da yawa ana shigar da ƙara ne don a samu sulhu mai daraja, ba don a kai ƙarshenta ba.

Lokaci yana da haɗari a nan. Kowace jiha tana da wa'adin da in ya wuce ba a sauraron ƙarar rauni, komai gaskiyarka. Mafi tsanani shi ne idan motar hukuma ce, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Wata uku kuwa mai karaya bai ma ajiye sanda ba. Idan lambar gwamnati ce a jikin motar da ta buge ka, a ga lauya a makon farko, ko da ana maganar sulhu. Alkawarin "ana duba fayil ɗinka" ba ya tsayar da ƙirgen kwanaki. Shi ma kamfanin inshora akwai wa'adin sanar da shi cewa an shigar da ƙara, in ana so hukuncin ya hau kansa.

Maganar lauya tana tsorata mutane fiye da yadda ta kamata. Ganin lauya ba shi ne shiga kotu ba. Zama ɗaya ka biya kuɗin shawara, ya karanta takardar da ake so ka sa wa hannu, yana iya zama mafi arhar abin da ka saya a duk jinyar. Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar neman diyyar haɗari a cikin ayyukanta. An yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Lauyoyinta kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, sai ka riƙa bibiya. Akwai kuma lauyoyi masu zaman kansu da ke yarda su yi aiki a biya su wani kaso daga abin da aka samu. Ƙa'idar aikinsu ta halatta hakan, amma a rubuta kason tun farko, a rubuta wa zai ɗauki kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, a kuma rubuta cewa ba zai karɓi wani tayi ba sai da yardarka. Ka tambaye shi ko ya taɓa karɓo kuɗi daga kamfanin inshora. Lauyan filaye daban, na wannan aiki daban. Masu yawo a harabar kotu da bakin asibiti suna cewa sun san hanya kuwa, a gaishe su a wuce.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan auna. Ƙarfe da ƙarfe, ba jini: sulhu a wurin, in kuɗin ya yi nauyi a jawo inshora. Rauni mai warkewa, kuma mai motar mutum ne irinka: ya ɗauki jinya yanzu, a sanar da kamfanin inshorarsa, a jinkirta rufe magana har likita ya rubuta rahoton ƙarshe, sannan a kai sulhun gaban alƙali. Rasa rai ko naƙasa tsakanin Musulmi biyu, ba kamfani a ciki: kotun shari'a, domin a san magada, a san rabon kowa, a san wanda ya yafe da wanda bai yafe ba. Rasa rai ko naƙasa, motar kuma ta kamfani ce ko ta hukuma: lauya da Babbar Kotu, ba tare da an rufe ƙofar zama ba. Wanda ya buge ka ya gudu kuwa, ko aka tarar ba inshora ba dukiya, gaskiya mai ɗaci ita ce hukuncin kotu ba zai haifar da kuɗin da babu ba, kada a sayar da gona a bi shi.

Duk wadda za ka bi, da kayan aiki ɗaya ake shigarta, kuma a kwanakin farko ake tara su, lokacin da hankalin kowa yake kan mai jinya. A samu mutum ɗaya a dangi a ɗora masa wannan. Ya ɗauki hoton motocin da lambobinsu kafin a janye su, ya karɓi lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a gabansu, domin mai shayi da mai faci na bakin titin sun fi kowa gani. Ya tabbata 'yan sandan sashen haɗurra sun zana taswirar wurin, jami'in duba lafiyar motoci ya duba birki da taya ya rubuta. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, da ake kira a lamba 122, su ma suna rubuta nasu bayanin idan su suka kwashi mutane. A asibiti kuma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa, don haka neman rahoton 'yan sanda ba dalilin jinkirta ceton rai ba ne. Rasit kuwa, har na ruwan ƙari da na hoton ƙashi, a samu leda ɗaya a riƙa zubawa.

Idan tawagar ta zo, ba sai an yi musu rashin kunya ba, ba kuma sai an ba su duk abin da suka zo nema ba, domin buƙatu biyu suka haɗa a jimla ɗaya. Sakin direba daban, yafe haƙƙi daban. Ana iya cewa, "Baba, mun gode da zuwa, Allah ya bar zumunci. Yaro a ba da belinsa ya koma wa iyalinsa, ba mu da ƙudurin a ɗaure kowa. A kawo mana takardun motar mu gani, mai ita kuma ya rubuta ya ɗauki jinya. Sauran maganar, sai likita ya faɗi tasa."